Kafet ɗin ɗakin jirgi: ya kama ƙasa, amma kada ya liƙe

In ka tambayi tsofaffin masu jiragen ruwa da ke tafiya da iska a kudancin Ingila yadda za ka hana kafet zamewa a ɗakin jirgi, amsar farko ita ce ka naɗe shi ka kai bola. Suna da hujja. Kafet na riƙe laima, yana shan gishiri, yana tara warin dizal, ranar da teku ta tashi kuma yana iya kwashe ƙafar mutum. Ni dai nawa yana nan. Ba na shiga ɗaki da takalmi, ko a tudu ko a kan ruwa, kuma a ɗan ɗakin nan nake salla. Wanda ya taɓa taka katakon jirgi da asubar watan Afrilu, ƙafa jiƙe da ruwan alwala, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Jirgin namu Westerly Centaur ne, tsawonsa ƙafa 26, ni da wani dattijo Bature muka haɗa kuɗi muka saya. Irinsa aka ƙera sama da 2,400 tsakanin 1969 da 1980 a Waterlooville, kusa da Portsmouth, shi ya sa duk lungun da ka leƙa a mashigin Solent sai ka ga ɗan'uwansa. Fukafukai biyu gare shi a ƙasa maimakon ɗaya, in ruwa ya janye sai ya zauna daram a kan laka, wannan ne ya ba mu damar ɗaure shi a wuri mai araha can cikin tashar Portsmouth. Wanda ya riƙe shi kafin mu ya shimfiɗa falankai a ɗakin, ya shafe su da fentin sheƙi har mutum na ganin fuskarsa. Kyau kam akwai. Santsi ma akwai.

Mutane na ɗauka karkatar jirgi ce ke jan kafet. In iska ta cika ƙyallen da ke tura jirgi, jirgi irin namu kan kwanta gefe kamar digiri 15 zuwa 20, amma kafet da ba kowa a kansa yakan zauna abinsa a wannan karkata. Ƙafa ce ke tura shi. Ka sauko daga matakala, nauyinka duka a kan ƙafa ɗaya, ƙasa a karkace, ƙafar ba ƙasa kaɗai take dannawa ba, tana turawa gefe. Daidai lokacin sai taguwa ta buga. A Solent ba a rasa ta: in iska ta fuskanci ruwan da ke janyewa sai teku ta yi gajerun tudu masu tsini, ga kuma manyan jiragen fito da ke zirga-zirga zuwa tsibirin Wight suna barin tasu igiyar a baya. Sannan gishiri yana jawo laima daga iska, saboda haka katakon da ruwan teku ya taɓa ba ya bushewa sarai sai an wanke shi da ruwan daɗi. Wannan ɗan danshin da ido ba ya gani shi ne ke shiga tsakanin kafet da fenti.

Abu mafi sauƙi shi ne gam, kuma shi ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ƙarƙashin falankan nan akwai kwarmin jirgi, inda duk ruwan da ya shigo ke taruwa, nan bakin tiyon famfo yake, ta nan ake kai hannu ga wasu bututai. Ranar da ka ji ruwa na motsi a ƙasanka, aikin farko shi ne ɗaga katako, ka tsoma yatsa ka ɗanɗana. In ba gishiri, ruwan sama ne ko tankin sha ke yoyo, sai ka yi hamdala. In da gishiri, teku ce ke shigowa, dole ka gano ta ina, yanzu-yanzu. Mutumin da ya liƙe kafet da gam zai tsaya neman wuƙa a lokacin da ba shi da minti ɗaya na ɓatawa. Salatif mai gam baki biyu ma ɗan'uwansa ne: laima ta sake shi a inda kake so ya riƙe, ya bar maka dauɗa mai danƙo a inda ba ka so.

Ragar roba da ake sa wa ƙarƙashin kafet a gida tana aiki, ba laifi, muddin ƙasa a bushe take. Illarta, wasu irinta in sun daɗe kwance a kan fentin sheƙi, musamman da zafi, sukan bar zanen ragar a jikin fentin, ba ya kuma gogewa. Wasu na zizara silikon, wato robar nan ta toshe kafar ruwa, layi-layi a bayan kafet, su bar shi ya bushe kwana guda kafin su shimfiɗa. Yana kama ƙasa da kyau. Sai dai duk katakon da silikon ya shafa, sabon fenti ba ya son zama a kansa, dattijon nawa kuwa duk shekara sai ya taɓa fentin nan, don haka maganar ba ta yi nisa ba.

Velcro, wato maɗaurin nan mai fuska biyu, ɗaya mai ƙananan ƙugiyoyi ɗaya mai laushi, shi na fi jin tausayi, domin dabarar tana da kyau. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa ke maƙale wa gashin karensa, kamar dai yadda ƙarangiya ke yi wa bakin wando. Riƙonsa ta gefe yana da ƙarfi, kuma abin da muke nema ke nan. Matsalar ba a ƙugiyoyin take ba, a gam ɗin bayansa take, wanda laima ke ci a hankali. In kuma ka cire kafet don wanki, ɓangaren mai kaushi na nan a ƙasa yana cizon safa yana tara gashi da yashi.

Abin da ya zaunar da namu, rabinsa awo ne. Daɓen ɗakin jirgi ba murabba'i ba ne, yana da kusurwoyi, yana kewaye ƙafar tebur, yana tsukewa ta gaba. Kafet ɗin da aka yanka ya cika wurin tsaf, gefensa na tokare da gindin kujeru ta ko'ina, ba shi da inda zai je. Na shimfiɗa kwali, na bi gefe-gefe ina yanka ina liƙa ƙananan guntaye har ya ɗauki siffar daɓen, na rubuta "sama" a fuskarsa da babban baƙi, domin in aka kifa kafet za a yanka ta baya, kwalin ma dole a kifa shi. Ban yi shi falle ɗaya ba. Gida uku na raba shi, kowane yanki daidai da falankin da ke ƙarƙashinsa, yadda za a ɗaga ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba.

Irin kafet ɗin ma da magana. Mai bayan algarara ruɓewa yake yi, mai bayan soso kuma ya sha ruwa ya riƙe, daga baya ya marmashe. Na ɗauki siriri mai zaren roba, wanda ake kira folifirofilin, domin zarensa ba ya shan ruwa. Yana narkewa a wajen digiri 160, saboda haka wuƙa mai zafi na yanka shi tana kuma like bakin zaren a tafi ɗaya. Wannan narkewar ce ta sa na bar gaban murhu babu kafet.

Ɗaya rabin maɓallan ƙarfe ne, irin na jaket da ake dannawa su ce ƙas, amma na jirgi, waɗanda ba sa tsatsa. Namijin ana ɗaure shi a katako da sukuru, macen a jikin kafet. Ga yadda ake sa su haɗu: a fara ɗaure na ƙasa, a goga musu alli, a shimfiɗa kafet a taka, tabon allin zai fito a bayansa daidai inda za a huda. Sukurun ya zama bai kai kaurin falankin ba, namu milimita 12 ne, kuma kada a kuskura a ɗaura komai a jikin jirgin kansa. Ba su da yawa. Yankin gindin matakala, inda ƙafa ke sauka, shi ya samu ɗaya a kowace kusurwa. Na tsakiya biyu suka ishe shi. Duka na tura su can gefe, inda yatsa ba zai yi tuntuɓe da su ba. Lokaci-lokaci ina shafa musu ɗan basilin don kada gishiri ya ƙame su, in zan ɓalle kuma ina kamawa dab da maɓallin, ba daga nesa ba, kada kafet ya yage.

Ragar robar nan ma ba ta tashi a banza ba. Na yanki daidai faɗin dardumata ina sa ta tsakanin darduma da kafet, inda ba fentin da za ta ɓata. Alƙibla daga nan wajen digiri 118 take a kamfas, jirgin da ke kan anka kuwa juyawa yake yi da ruwa, ga wurin tsukakke, don haka ba kullum darduma ke samun shimfiɗuwa yadda nake so ba. Amma ta daina guduwa a sujada.

In an shiga Nuwamba nakan ɓalle yankunan uku in kai gida, in wanke su da ruwan famfo sosai har gishirin ya fita, in shanya, in naɗe su ba ninkewa ba. Uwargida kan ce, "Malam, kayan jirgin nan naka ba za su kwana mini a falo ba," saboda haka a gareji suke yin hunturu, falankan kuma a bar su a ɗage don iska ta ratsa kwarmin. Ɗan yankin da ke ɗakin gaba, mai siffar kusurwa uku, ban sa masa maɓalli ko ɗaya ba. Bango ya matse shi ta kowane gefe, awon kaɗai ya riƙe shi.