Gyaɗar da Ba Ta Shiga Kaskona

Shekara tara ke nan ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Kano, ni da mata shida masu taya ni aiki. A Dawanau nake saro gyaɗa, kuma kafin mu fara ciniki sai na zura hannu har tsakiyar buhu, don saman buhu na kwalliya ne. In na damƙo na ji sanyin laima, ko na fasa ƙwaya na ga kore-koren fumfuna a ciki, sai in ce, "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa," in yi gaba.

Da ba haka nake ba. Mun taso muna ganin ana ware gyaɗa mai kyau don miya da soyawa, motsattsiya da fasasshiya kuwa a sayar wa masu ƙuli da araha, wai ai wuta za ta ci komai. Ashe wuta ba ta cin wannan. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara tana fitar da guba mai suna afulatoksin, suya ba ta kawar da ita. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, in an matse mai, yawancin gubar a tunkuza take zama, wato abin da muke murzawa mu soya, yara su saya a ƙofar makaranta su sha da gari. Hanta wannan guba take ci a hankali har ta kai ga ciwon daji, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. A Kenya, a 2004, mutum 125 suka rasu bayan cin gurɓatacciyar masara.

Shi ya sa tsinta ta zama rabin aikinmu. Mukan baza gyaɗa a faifai bayan an bakace, mu bi ta ƙwaya-ƙwaya. Abin da muka fitar ba na ba kaji, don su ma tana yi musu illa. Shanya a kan tamfal muke yi, buhu kuma a kan katako, nesa da bango. Da ƙuli ya huce sai leda, kafin ƙuda da ƙura su same shi.

Manoma biyu da nake saye a hannunsu kai tsaye suna watsa Aflasafe a gona, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar, makonni biyu zuwa uku kafin gyaɗa ta yi fure. Tasu ta fi tsada, ina biya.

Ƙulina ma ya fi na maƙwabtana tsada, kuma akwai masu juyawa su tafi. Jiya wata ta ce, "Hajiya, ƙuli ai ƙuli ne." Na ɗebo mata tsintar ranar a tafin hannu, baƙaƙe da ruɓaɓɓu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce in ƙulla mata leda biyu.