Ƙarfina bai kai ba

Gaskiya na daɗe ina tunanin in na dage zan iya gyara halina da kaina. Matsalata fushi ce, kullum da safe sai in yi alkawari yau ba zan ɗaga murya ba, amma kafin rana ta yi tsaka wani ya faɗi wata 'yar magana na riga na fashe, sai dare ya yi in zauna bakin gado waya a hannu na rubuta saƙon ban haƙuri ina gogewa, kunya ta hana ni turawa.

A irin wannan daren ne na buɗe Littafi Mai Tsarki a Romawa sura 7, inda Manzo Bulus yake cewa nagarin abin da yake so ba shi yake yi ba, mugun da ba ya so shi yake aikatawa. Bulus fa! Mutumin da sau uku ya roƙi Ubangiji ya cire masa ƙaya a jiki, amsar da ya samu a 2 Korintiyawa 12:9 ita ce alherina ya ishe ka. Ba a cire ƙayar ba, wannan ne ya fi taɓa ni.

Yesu ma a Yohanna 15:5 ya ce shi ne kurangar inabi mu ne rassan, kuma reshe in an sare shi ai bushewa yake yi komai ƙoƙarinsa.

Yanzun addu'ata ta safe gajeruwa ce, Uba na kasa, ka riƙe bakina yau. Jiya ma na faɗi, amma a wannan karon na tura saƙon.