Yadda Zafin Katsina Ya Zaɓa Mini Sufacaja

Tun da na sayi Ford Mustang GT ƙirar 2015, mai injin V8 lita 5.0 da ƙarfin doki 435, 'yan uwa ke tambayata abin da nake nema kuma, ganin cewa motar ba ta taɓa gazawa ba tsakanin gida da wurin aiki ko a kan hanyar Kano. Ba ni da amsar da za ta gamsar da su, sha'awar ɗora mata sufacaja ce kawai. Sai dai da yake ita ce motar da nake hawa kullum, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake zuwa ɗaurin aure Daura, ban yarda sha'awar ta yi mini zaɓi ita kaɗai ba, shi ya sa na shafe wata huɗu ina nazari kafin na fitar da ko kwabo.

Sufacaja famfon iska ne da bel ke juyawa kai tsaye daga injin, yana cusa wa fistin iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, domin a ƙona ƙarin fetur a samu ƙarin ƙarfi. Bambancinta da turbo shi ne turbo hayaƙin salansa ke juya shi. Nauyin iska a bakin teku psi 14.7 ne (psi ma'aunin matsin iska ne), saboda haka ƙarin psi 7 yana nufin an ƙara wa injin kusan rabin iskar da ya saba sha.

Iri uku ne a kasuwa. Mafi tsufa ita ce Roots, wadda wasu 'yan uwa biyu, Philander da Francis Roots na jihar Indiyana a Amurka, suka yi wa rajista a 1860 domin hura wutar narkar da ƙarfe, wato zugazugin maƙera ce aka ɗora wa mota daga baya. Duk wanda ya taɓa hawa Marsandi C200 Kompressor ya san irinta, kuma sabon samfurinta na kamfanin Eaton, mai suna TVS, shi ne a kan Corvette ZR1 ta 2009 mai doki 638. Ta biyu ita ce mai murɗaɗɗun sanduna biyu, ƙirar injiniyan Suwidin Alf Lysholm, wadda ke matse iskar a cikin cikinta. Kamfanin Whipple na ƙera ta, kuma irinta ce ta kai Dodge Hellcat ta 2015 doki 707. Waɗannan biyun a saman injin suke zama, kuma da ka taɓa totur suke amsawa tun daga ƙasa. Ta ukun, irin ta kamfanonin ProCharger da Vortech, fanka ce mai siffar dodon koɗi da ake ɗaurewa a gaban injin, ƙarfinta kuma yana hauhawa ne tare da juyin injin: ƙasa da juyi 3,000 a minti kusan ba ka jin ta, sai allura ta doshi 6,000 take nuna halinta.

Zuciyata tana kan Whipple, ba zan ɓoye ba. Kusan duk wanda ya yi rubutu a kan motar hawa ta kullum irin wannan yake yabawa, saboda a cikin gari ƙarfin ƙasa ake mora. Amma masu wannan shawara a ƙasashen sanyi suke zaune.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne wata rana a watan Afrilu, bayan azahar, ina cikin cunkoso wajen Ƙofar Ƙaura, esi a kunne, allon mota yana nuna zafin waje 42. Na jona ƙaramar na'urar da ke karanta kwamfutar mota, na ga iskar da ke shiga injin ta haura 60, alhali babu wata sufacaja a kai tukuna. Matse iska kuwa yana ƙara mata zafi, iska mai zafi kuma tana sa fetur ya fashe da kansa kafin lokacinsa, abin da ke dukan fistin kamar guduma har wata rana a ce injin ya buga. Sufacajar da ke zaune a saman injin tana shan turirinsa, ruwan da ke sanyaya ta yana ɗumama a cunkoso, kuma idan ƙaramin famfon lantarkin da ke zagaya da ruwan ya mutu, shiru yake mutuwa, ba tare da direba ya sani ba. Mai siffar dodon koɗi ba ta ɗumama iska sosai, intakularta kuma, wato na'urar da ke sanyaya iskar da aka matse, a gaban lagireto take, iskar hanya ce ke sanyaya ta, babu famfo babu ruwa.

Sai batun mai, wanda ya fi zafin ma muhimmanci. Injin Mustang na wannan shekara yana matse iska ninki 11, wanda adadi ne mai yawa ga injin da za a ƙara wa matsi. Takardun masu sayar da sufacaja suna sharɗanta fetur mai oktan 91 ko 93, wato ma'aunin juriyar fetur ga fashewa da kansa, amma wannan ma'aunin Amurka ne, kuma 91 ɗinsu ya yi daidai da kusan 95 a ma'aunin RON da yawancin ƙasashen duniya ke amfani da shi. Mu kuwa a gidajen manmu fetur iri ɗaya ne, ba a tambayarka wanne kake so, balle ranar da tafiya ta kama ka ka sayi galan a bakin hanya. Cikakken matsi a ƙaramin juyi, cikin babbar giya, da mai maras tabbas, shi ne yanayin da ya fi jawo fashewar nan, kuma a daidai nan irin Roots da Whipple suka fi ƙarfi.

Na kai maganar wurin bakanikena, dattijon da ya fara sana'a tun zamanin Fijo 504. Bai ce komai ba sai da ya zare matatar iskar motar, ya buga ta a jikin taya, jar ƙurar hunturu ta turnuƙe mu. Ya ce, "Alhaji, abin da za ka sa zai riƙa zuƙar wannan ninki ɗaya da rabi. Idan ka sa irin buɗaɗɗiyar matatar nan ta yara masu son ƙara, kada ka dawo mini da ita." Na ce, "Baba, na ji." Fankar mai siffar dodon koɗin da na zaɓa tana juyawa dubun dubatar sau a minti, yashi kuwa yana cinye bakinta a hankali.

A ƙarshe na ɗauki ProCharger P-1SC, mai nata man a rufe wanda ake canzawa bayan kimanin mil 6,000, na kuma nemi babban fuli, wato faifan da bel ke ja ya juya fankar, domin matsin ya tsaya wajen psi 6, tunda ƙaramin fuli ke ƙara gudun fankar. Kuɗin da na rage na zuba su a manyan nozul masu fesa fetur, da filogi masu jure zafi, da bel biyu na ajiya, domin ba abu ne da za ka samu a shagon kayan gyara da ke kusa ba. Wanda ya saita mini kwamfutar ta intanet na gaya masa gaskiyar man da muke sha, ya ja lokacin tartsatsin filogi baya, muka yi asarar doki da dama da gangan.

A cikin gari motar tana tafiya kamar ba a taɓa ta ba, shan manta ma bai sauya sosai ba, abin da ke da daraja tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Wurin wuce tirela tsakanin Charanchi da Kankia ne ake sanin an yi aiki, idan giya ta sauka allura ta tashi. Yanzu muna cikin sanyi, iska mai nauyi ce, kowace mota tana jin daɗi. Ƙaramin fulin da ya zo a cikin kwalin yana nan a aljihun tebur, kuma ba zan duba shi ba sai na sake jona na'urar nan a Ƙofar Ƙaura cikin Afrilu na ga abin da za ta nuna.