Maganin zaƙi a watannin ƙarshe: shawara ga ƙannena masu cikin fari

Duk macen da cikinta ya shiga wata na takwas a Maradi ta san cewa daga nan ne masu ba da magani suke yawaita. Uwar miji za ta aiko da jiƙo, goggo za ta zo da ƙullin sassaƙe daga ƙauye, maƙwabciya kuma za ta nuna miki wata mai talla a WhatsApp da ke sayar da garin da aka shigo da shi ta Jibiya, duk da sunan maganin zaƙi. Abin da muka taso muka tarar shi ne, wai zaƙin da mai ciki ta sha yana taruwa ya toshe hanya, sai an wanke shi naƙuda za ta zo da sauƙi. Ƙauna ce ke sa su kawo, amma babu ko ɗaya a cikinsu da za ta iya faɗa miki ƙarfin abin da ke cikin kofin.

A cikina na fari na sha duk abin da aka miƙo mini, domin kunyar ɗan fari ba ta bar ni na yi tambaya ba. Safe da yamma jiƙon maɗaci ne da kanwa, da watan haihuwa ya kama kuma aka ƙara mini da man zurma. Zawo ya sa ni gaba har ƙafafuna suna rawa, manya suna murna wai zaƙin ne yake fita. Da naƙuda ta tashi, ciwon bai riƙa lafawa ba kamar yadda aka saba, wannan na tafiya wani na hawa, kuma da faya ta fashe ruwan ya fito kore. Ungozomar asibiti ta tambaye ni ko na sha wani abu, na ce mata ban sha komai ba saboda tsoron faɗa. Wannan ƙaryar ta fi shan maganin muni, domin na bar mai ƙoƙarin ceton ɗana tana lalube cikin duhu. Yaron ya zo a galabaice, sai da aka sha wahala kafin ya yi kuka.

Daga baya ne na fahimci dalili. Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, takan matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya, jariri kuma yana samun iskar da yake rayuwa da ita ne a ɗan hutun da ke tsakanin ciwo da ciwo. Idan wani abu ya sa mahaifa ta yi ta murɗawa babu hutu, yaro yakan galabaita, yakan iya yin kashinsa na farko a ciki har ya shaƙe shi. Macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, ko wadda ta haihu da yawa, mahaifarta na iya tsagewa, kuma jinin da ke biyo bayan wannan ba ya jiran a nemo mota. A asibiti ma ana tayar da naƙuda da wani magani mai suna oksitosin, amma a cikin ƙarin ruwa ake sa shi, ana ƙirga ɗigonsa, ana sauraron zuciyar jariri, da an ga alamar matsala a rufe. Jiƙon da kika riga kika haɗiye ba shi da marufi, ƙarfinsa kuma yana canzawa gwargwadon itacen da tsawon jiƙawar.

Sannan akwai abubuwan da babu saiwar da ke gyara su. Idan yaro ya kwanta a gicciye, ko ƙugun uwa ya yi masa kaɗan, kamar yadda yake yawan faruwa ga yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama ƙosawa ba, ƙara wa naƙuda ƙarfi ƙara haɗari ne, kuma doguwar naƙuda irin wannan ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Kanwa kuwa gishiri ce, ba ta dace da mai kumburin ƙafa ko wadda awon jininta ya kai 140/90 ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

Ba ina cewa a ƙyamaci duk abin gida ba ne. Miyar kuɓewa da ta lalo abinci ne, dabino ma haka, sai dai mai ciwon suga ta tambayi likita adadin da za ta ci. Addu'a kuwa ba ta taɓa hana zuwa awo ba. Abin da nake tsoro shi ne garin da ba a san haɗinsa ba, da shayin ganyen da ake kawowa daga Turai cikin kwali mai kyau, wanda kyan kwalinsa bai zama hujjar cewa an tabbatar da amfaninsa ba.

Na san ƙin karɓar abu daga hannun uwar miji ba ƙaramin aiki ba ne ga amarya. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce, "Inna, a wurin awo sun ce in nuna musu duk abin da zan sha," sannan ki tafi da ƙullin asibiti, maigida ya tsaya miki a maganar. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, kuma a watannin ƙarshe ne ake gane kwanciyar yaro da hawan jini. Kuɗin da za a kashe a maganin zaƙi a ajiye shi don mota, musamman ga mazauna ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji a lokacin damina, a kuma tanadi ɗan'uwan da zai ba da jini. Idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani, ko motsin yaro ya ragu, ko faya ta fashe kafin naƙuda, ki tafi asibiti a lokacin, ki kuma faɗi abin da kika sha da lokacin da kika sha shi tun ba a tambaye ki ba.