Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar 'Yar Wake

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, yau da safe gari ya fara wayewa ina cikin hura gawayi na ji ɗiyata Ummi ta ƙwala mani kira daga tsakar gida, na fito da sauri gabana na faɗuwa, sai na tarar da kazarmu 'Yar Wake tsaye da ƙafafunta biyu bakin rariya tana tonon ƙasa, ba wanda ya ɗaga ta ba wanda ya riƙe ta. Kwana 26 rabonta da ta tsaya da kanta. Ni da yarinyar muka tsaya muna kallonta ba mai magana, sai hawaye.

Na san wasu za su ce duk wannan a kan kaza? To bari in faɗa maku asalinta. Uwar kazar nan ta Inna ce, Allah ya jiƙanta da rahama, kuma 'Yar Wake na cikin ƙyanƙyasa ta ƙarshe da aka yi a ɗakinta tana raye, 'yan tsaki bakwai. Bayan an yi sadakar bakwai aka kawo mana su nan gida Ƙofar Marusa, shirwa ta ɗauke uku, sanyi ya kashe biyu, ɗaya muka neme shi muka rasa, saura wannan mai zanen wake-wake. Ummi takwarar Inna ce, shekararta 9, ita ta ce a bar mata, ita ta raɗa mata suna, kuma tun daga ranar in ta dawo islamiyya ko hijabi ba ta cirewa sai ta leƙa ta.

Saboda tsoron shirwa na sa aka kulle ta cikin akurki, wata guda da 'yan kwanaki ba ta fita ko nan da ƙofa, tsakin gero da dussa kawai muke zuba mata da ruwa, ni a ganina gata nake mata. Ranar wata Talata muka ga tana tafiya kamar mai taka ƙaya, kwana biyu a tsakani yatsunta suka dunƙule ciki kamar an naɗe su, ta zauna bisa gwiwa tana jan jiki da fukafukai in za ta je wurin ruwa. Idonta garau, tana son cin abinci, amma ba ƙafa.

Shawara kam mun sha ta. Wani ya ce a sa ɓawon maɗaci a ruwanta, wata ta ce barkono, wani mai kemis ya ba yaron da na aika kafso ja da yalo ya ce a farke a zuba mata, muka yi kwana uku muna ba ta ba wani canji sai ma zawo da ta fara. Mafi yawa kuma cewa suke a sa mata wuƙa tun ba ta zama mushe ba, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, haka muka taso muka ga ana yi. Amma Ummi na jin an ambaci wuƙa ta shige ɗaki ta ƙi cin tuwon dare.

Godiyata ta farko ga Baban Ummi. Shi ne ya shigo ya same ta kwance tana shessheƙa, ya ce "Mamana tashi ki ci abinci, ba mai yanka kazar Inna, gobe za a nemo mai magani." Kuma ya cika, bai taɓa nuna mana cewa ɓata lokaci muke ba ko sau ɗaya, duk da yanayin da ake ciki na tsadar komai.

Sai ƙanena da ya haɗa mu da abokinshi likitan dabbobi, wanda ya yi karatu a ABU Zariya. Likita, ban san da wane baki zan gode maka ba. Mutumin nan ya taso daga wajen Ƙofar Ƙaura bayan la'asar ya zo har gida saboda kaza ɗaya, ya durƙusa a ƙasa da fararen kayanshi ya ɗauke ta yana lallatsa ƙafar tun daga cinya har yatsu, ya duba ƙarƙashin tafin ko akwai ƙurji, ya buɗa idonta, ya tambayi kalar kashinta, sannan ya ce "Yaya me take ci?" Da na faɗa mashi sai ya girgiza kai. Ya ce abu uku yake tsoro in kaza mai wata biyu ta kasa tafiya. Akwai cutar Marek, ita takan sa ƙafa ɗaya ta miƙe gaba, ɗayar kuma ta yi baya, kuma ba ta da magani, rigakafinta tun ranar da aka ƙyanƙyashe tsako ake yi a manyan gidajen gona. Akwai wadda ke kwasar kaji lokacin hunturu da suke kira Niyukasul, mai murɗe wuya da koren kashi, ita kuma da ita ce da ba ta kai mako haka tana cin abinci ba. Na uku shi ne ƙarancin bitamin B2, alamarshi ita ce wannan dunƙulewar yatsu da zama bisa gwiwa, kuma shi ya fi zato, domin kazar da ke yawo tana samun shi a ɗanyen ganye da ƙwari, wadda aka kulle kan tsaba zalla kuwa ba ta samun wanda zai ishe ta. Ya ce ba zai yi mana alkawari ba, in an daɗe jijiyar na lalacewa har abada, amma a gwada.

Maganar nan ta tsaya mani a rai ƙwarai, ashe kullewar da na yi don in tsare ta ita ce ta jawo. Likita ya ce in bar damuwa, da yawa ba su sani ba. Ya hana kafson nan nan take, ya ce maganin kashe ƙwayoyin cuta ne ba ruwanshi da wannan, kuma kazar da aka ba shi ko ƙwanta ba a ci sai an bar kwanaki ya fita jikinta. Ya rubuta mana garin bitamin na kaji mai ɗauke da B, a riƙa damawa a ruwan sha sabo kullum kuma kar a aje shi cikin rana don haske na kashe ƙarfinshi, a haɗa mata da dafaffen ƙwai, ɗan nono, da yankakken ganyen zogale ko alayyahu cikin dussar. Ko kuɗin mai ya ƙi amsa.

Maƙwabciyata ta gidan da ke jikin namu, wadda yara ke kira Anti mai ɗinki, ita ta yi mata abin zama. Likita ya nuna mata hoto a waya sau ɗaya, ta samo ƙaramin kwando ta ɗaure tsohon zanen atamfa a bakinshi kamar shimfiɗa, ta huda rami biyu na ƙafafu da ɗaya ta baya don kashi ya riƙa sauka ƙasa kar ya ɓata mata jiki, aka daidaita tsayin yadda tafin zai riƙa taɓa ƙasa kaɗan ba tare da nauyin jikinta ya hau kai ba. A gaba ta ɗaura gwangwanayen madara biyu, na ruwa da na abinci. Yatsun kuma muka yanka kwalin sabulu daidai tafin ƙafa, muka miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a hankali muka manne da filasta, duk bayan kwana biyu a cire a wanke da ruwan ɗumi a sake. Ranar farko da muka sa ta ciki ta miƙa wuya ta sha ruwa da kanta ba tare da ta kife ba, Anti ta ce "Maman Ummi wannan kazar za ta tashi in sha Allahu." Allah ya buɗa maki kasuwar ɗinki.

Sanyin Katsina na bana kuwa kun dai san shi, da dare cikin kwali muke kwantar da ita a lungun ɗaki da gorar ruwan zafi naɗe cikin tsumma, sau biyu nake tashi in canza ruwan. Ummi ke mammatsa mata ƙafa safe da yamma, tana lanƙwasawa tana miƙewa kamar yadda aka koya mata. A kwana na 11 muka ga yatsan dama ya motsa ya kama ɗan yatsan Ummi. Daga nan kuma abin ya tsaya cak kusan mako guda har na fara sarewa, na kira Likita da dare, ya ce a ci gaba kar a fasa, kuma a riƙa fito da ita hantsi.

Ina godiya ga Malamar su Ummi ta islamiyya, da yara suka fara yi mata dariya wai tana jinyar kaza, Malama ta tsayar da karatu ta ba su hadisin mutumin da Allah ya gafarta mawa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ta ce akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Washegari yara uku suka biyo ta gida da ganyen zogale a leda. Haka Gwaggo daga Batagarawa da ta riƙa aiko mana da nono duk bayan kwana biyu, da mai shagon kayan kaji da ya yarda ya sayar mana da ƙaramin ƙulli maimakon babban fakiti, da duk waɗanda suka riƙa tambaya ta WhatsApp ya mai jiki, wallahi tambayar kaɗai tana ƙara mana ƙarfi. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan iyayenmu, ya sa Inna tana cikin rahama.

Yatsa ɗaya na ƙafar hagu bai miƙe ba, Likita ya ce da wuya ya koma daidai, tana ɗan ɗingishi amma tana tafiyarta tana tono. An ja raga a saman kusurwar da zogale yake saboda shirwa, nan za ta riƙa wuni yanzu.

Sannan ga maƙwabta masu kaji, ranar Asabar in Allah ya kai mu Likita zai kawo rigakafin cutar Niyukasul da ake kira Lasota, wanda ake damawa a ruwan sha, cikin ƙanƙara, kwalba ɗaya ta ishi kaji sama da 100 kuma in an dama ba ta wuce awa biyu, mu kuma kazarmu ɗaya ce. Kar a kawo kajin nan gida a haɗa su, kowa ya hana kajinshi ruwa tun da asuba, a turo yaro da kwano mai tsabta wanda ba sabulu a jikinshi ƙarfe bakwai na safe a ɗiba.