Inda na kwana a koyon gyaran Wikipedia

'Yan uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a ɓangarena.

Na ɗan wuce matakin gyara waƙafi da aya, yanzu na koma sanya madogara. Ina bin jimlolin da aka liƙa wa alamar neman hujja, in tono littafi ko jaridar da ta faɗi maganar, in saka sunan marubuci da shekara da lambar shafi. Aiki ne mai cin lokaci, wani zubin jimla ɗaya tak sai ta cinye maraice guda. Amma a nan na fi fahimtar dokar gidan: ba ruwan kowa da abin da ka sani a kanka, sai ka nuna inda aka rubuta shi.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce nawa ake biyan mu. Idan na ce ba a biya, sai a yi mini kallon mamaki. Tun ranar 15 ga Janairu 2001 da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia, 'yan sa-kai ne ke rubutun. Gidauniyar Wikimedia da aka kafa a 2003 tana riƙe da na'urori, tana tattara gudummawa, amma ba ita ke rubuta muƙaloli ba. To me ke zaunar da mutum gaban kwamfuta cikin dare?

Dalilan kam kowa da nasa. Wani tsuntsaye yake so kamar ransa, ba ya jure ganin an kira su da sunan da ba nasu ba. Wani kishin harshensa ne ya kawo shi, don ya ga Wikipedia ta Ingilishi ta haura muƙala miliyan 6 tun 2020, alhali cikin harsuna sama da 300 da ake rubutawa, da yawa ba su kai ko kusa ba. Wannan kishin yana da ƙarfi, kuma ina girmama shi ƙwarai.

Ni dai abin da ya riƙe ni shi ne tarihin shafi, wato jerin gyare-gyaren da aka yi wa muƙala. Ku buɗe shi a kan muƙalar da kuka fara, ku duba da kyau. Za ku ga wani da ba ku taɓa sani ba ya zo da asuba ya gyara kwanan wata, wata ta ƙara hoto, wani ya cire jimlar da ta karkata gefe guda ya bar dalilinsa a layi ɗaya. Babu mai sa hannu a ƙasan muƙala, amma ba a ɓatar da gyaran kowa, komai ƙanƙantarsa yana nan da sunan mai shi da lokacinsa. Mahaɗin (kalmar da ake latsawa a tafi wata muƙala) da kuka tarar ja, alamar babu muƙalar, ya koma shuɗi saboda ku, kuma ga mutane sun ɗora daga inda kuka tsaya. Wallahi daɗin wannan ba ya misaltuwa.

Idan aka soke muku gyara, kada ku yi zuciya. Ku je shafin tattaunawa ku tambaya cikin ladabi, galibi za ku samu bayani.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ɗora hotuna a Wikimedia Commons, ma'ajiyar hotunan da ake sakawa a Wikipedia, sai dai sharuɗɗan lasisin Creative Commons, wato izinin da mai hoto ke ba wasu na yin amfani da shi, suna buƙatar karatu a tsanake. Wanda ya riga ni ƙwarewa a nan, don Allah ya ja ni a hanya.