Kafintan Dandamali: Yadda Muke Haɗa Kayan Wasan Kwaikwayo Na 'Yan Makaranta

Da zarar zangon karatu na uku ya doshi ƙarewa, shagonmu da ke Kano yakan cika da wani aiki da ba kowane kafinta ya iya ba: kayan dandamali na wasan kwaikwayo. Soron sarki, rumfar kasuwa, ƙofar gari mai zankwaye. Mai kallo daga nesa sai ya rantse ginin ƙasa ne, alhali yara biyu 'yan shekara 12 ne za su ɗauke shi su fice kafin a sake buɗe labule.

Mai yin gado ko kabad nauyi yake nema, mu kuwa gudunsa muke yi. Katangarmu firam ce ta farin katako, sai mu rufe fuskarta da filawud mara kauri, ko mu ja akoko mu ɗame shi tam mu shafa masa fenti. Filawud ƙafa 4 ne a faɗi, 8 a tsayi, kuma a wannan awon nake yanka kusan kowace katanga, don ta shige ƙofar ɗakin taro, ta hau a-kori-kura ba rigima. To amma abin da ba shi da nauyi iska ma kayar da shi take yi, balle a makarantun da suke wasa a fili. Shi ya sa bayan kowace katanga akwai tokara mai kusurwa uku a kan hinji: a naɗe ta in za a ɗauka, a buɗe ta a ɗora mata buhun yashi in an kafa. Katakon kuwa da kaina nake zuwa Na'ibawa in zaɓo busasshe, domin ɗanye yana murɗewa tun kafin ranar wasa.

Aikin da na fi alfahari da shi rijiyar Kusugu ce, wadda wata firamare ta nema don labarin Bayajidda. Yaron da zai fito a macijin a cikinta zai tsuguna har lokacinsa ya yi. Na lanƙwasa filawud ya zagaye, na bar bayan a buɗe don iska da saurin fita, na shimfiɗa soso inda gwiwarsa za ta sauka. Taya huɗu na sa mata, biyu masu birki, don kada ta zame sa'ad da Bayajidda ya kai sara. Takobin ma na katako ne, na dakushe bakinsa. Kafin ta bar shago sai da na shiga ciki na bi kowane lungu da tafin hannu.

Wannan shafawar gun maigidana na gaje ta, Allah ya jiƙansa. Ina yaro, aikina share dusar katako da miƙar da tsofaffin ƙusoshi, amma ko benci ba ya bari ya fita sai ya runtse ido ya shafa shi kaf. In yatsansa ya ji tsini, a dawo da samfefa. Har yau duk inda yaro zai taka ko ya jingina, gam da noti nake sawa, ban yarda da ƙusa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ciniki. Malamin wasa zai zo ya ce, "Haba Malam, abin kwana ɗaya ne fa, a rage mana." In ka ƙi, sai ya tafi wurin masu araha, su harhaɗa masa ragowar katakon kwantena, ƙusa ta leƙo ta baya, matakala tana rawa, fentin mai bai bushe ba ya ɓata wa yara riguna. Ana gobe wasa sai ka ji waya: a zo a taimaka. Muna zuwa, saboda yaran. Mu fentin ruwa muke shafawa, ba ya wari, yana saurin bushewa. Kuma namu ba na kwana ɗaya ba ne. A kwance notinan a jingine a sito, baɗi soron sarkin nan ya zama asibiti ko kotu da gwangwanin fenti guda.

Makarantar da ke son aikinmu ta zo tun da wuri, ta kawo labarin wasan da awon dandamalinta. Ranar gwaji na ƙarshe nakan je da yarana, mu nuna wa ɗalibai inda za su kama, wanda zai janye buhun yashi, da wanda zai taka birki.